Dabarun Ƙarfafa Gadar Tsinke: Darasi ga Ɗaliban Injiniyanci a Yankin Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙaramar gadar gwaji da ɗaliban injiniyanci kan haɗa da tsinken askirim domin gasa. Maƙalar ta nuna cewa ƙarfin gadar ya dogara ne ga siffar ƙwarangwal ɗinta da ingancin mahaɗanta, ba ga yawan tsinke ba.

1.0 Gabatarwa

Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara, inda hanyar Sakkwato da ta ratsa Aliero ta haɗu da ta Birnin Kebbi da wadda ta nufi Maiyama da Yawuri. Albasar Aliero da shinkafar fadama duk ta kan gadoji suke isa kasuwa. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta kuma karya gadoji a Jihar Kebbi, ta nuna tsadar rasa su. Saboda haka, ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 yana da dalilin fara fahimtar gada tun daga kan tebur.

2.0 Ma'aunin Gasa

Tsinken askirim yakan kai kimanin santimita 11 a tsawo, santimita 1 a faɗi, da milimita 2 a kauri. Alƙalai sukan ɗora wa gada kaya har ta karye, sannan su raba nauyin da ta ɗauka da nauyinta. Misali, gada mai giram 200 da ta ɗauki kilogiram 50 ta ɗauki ninkin kanta 250. Mai giram 500 da ta ɗauki kilogiram 80 kuwa ninki 160 kawai ta samu. Ke nan, tsinken da ba ya aiki asara ne.

3.0 Ja da Matsi

Idan aka ɗora kaya a tsakiyar gada, layinta na ƙasa yakan sha ja, na sama ya sha matsi. Tsinke yana jure ja, amma matsi yana lanƙwasa shi gefe. Leonhard Euler ya bayyana a 1744 cewa idan aka ninka tsawon siririn ginshiƙi, nauyin da zai ɗauka kafin ya lanƙwashe yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Irin wannan lanƙwashewa ce ta kayar da gadar Kwibek ta Kanada a 1907 ana cikin gininta, inda ma'aikata 75 suka mutu.

Maganin wannan iri biyu ne: gajarta sassan da ke shan matsi, da ƙara musu kauri. A lissafi, tsinke biyu da aka jera ba gam suna ninka juriyar lanƙwashewa sau biyu. Idan aka manne su sosai sai ta ninku sau takwas. Amfanin tsintsiya yana ga maɗaurinta.

4.0 Siffa da Mahaɗa

Murabba'i yana karkacewa idan an tura shi, alwatika kuwa ba ta sauya siffa sai wani gefenta ya karye. A kan wannan aka gina tsarin Warren na 1848, mai jerin alwatika masu kama da juna, da tsarin Pratt na 1844. Na Pratt ya dace da tsinke, domin dogayen sassansa na karkace ja suke sha, gajerun na tsaye kuma matsi.

Duk da haka, a mahaɗa irin waɗannan gadoji suka fi karyewa. Wajibi ne tsinke ya hau kan ɗan'uwansa da tazara mai yawa, a kuma guji tara mahaɗai a layi ɗaya. Farin gam na katako yana buƙatar a danne shi ya kwana, musamman da damina. Haka nan sai an ɗaure ɓangarorin gadar biyu da tsinkaye a gicciye, sama da ƙasa, don kada ta murɗe.

5.0 Kammalawa

Karyewar gadar tsinke ita ce ƙarshen gasa, kuma a nan karatun yake. Ya kamata malami ya sa kowane ɗalibi ya rubuta inda yake zaton gadarsa za ta fara karyewa kafin a ɗora kaya, ya kuma bayyana dalilin saɓanin idan ta karye a wani wuri. Kuskuren da aka gano a kan tebur gam da tsinke kawai yake ci. Wanda aka gano a kan gulbi rayuka yake ci.