Kafin Ka Zama Wakilin Kamfanin Inshora a Tawa

A Tawa, yawancin masu sayen inshora, wadda direbobi ke kira asirans, ba don sha'awa suke saye ba. Doka ce ta wajabta wa duk mai mota ko babur ya ɗauki inshorar da za ta biya wanda ya kaɗe ko ya yi wa ɓarna. Direban da ke jigila tsakanin Tawa da Abalak, da mai ɗauko albasa daga Keita ko Tabalak, duk sun san jandarma zai nemi takardar a shinge. Don haka kasuwa tana nan, kamfanoni kuma suna neman wakilan da za su sayar musu. Matashin da aka yi wa tayin wannan aiki, abin da yakan fara tambaya shi ne la'ada: nawa ne nawa a kowace takarda? A ganina ya fara daga ƙarshe. Tambayar da ta kamata ta zo gaba ita ce: in hatsari ya faru, wannan kamfani yana biya, kuma cikin wata nawa?

Dalili a fili yake. Kamfanoni irin su Leyma da CAREN da SUNU da NIA duk cibiyoyinsu a Yamai suke, tafiyar sama da kilomita 500 daga Tawa. Mutumin Kalfu ko Barmu da ya miƙa maka kuɗinsa bai san darakta ba, bai taɓa ganin ginin kamfanin ba. Kai ya sani, ya san gidanku, wataƙila ya san mahaifinka. Ranar da motarsa ta faɗi a hanyar Agadas, a ƙofar gidanku za ka iske shi bayan sallar asuba, takardar a ninke cikin aljihun riga, tare da ƙanen fasinjan da ya karye. Matsayinka ɗaya da na dillali a kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi: mai saye bai san mai saniya ba, da bakin dillali ya biya, kuma in saniyar ta zama ta sata dillalin ake kamawa.

Binciken farko na takarda ne, kuma ba shi da wuya. Nijar tana cikin ƙasashe 14 da ke bin dokar inshora guda, ta ƙungiyar CIMA, wadda aka sa hannu a yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, dokar ta fara aiki a 1995. Ba kamfanin da ke da ikon sayar da inshora sai da izinin ministan kuɗi, bayan hukumar sa ido ta ƙungiyar, da ke Libreville, ta amince. Izinin kuma kashi-kashi ne: kamfanin da ke inshorar rayuwa daban, mai inshorar mota da gobara da kaya daban. A 2016 ƙungiyar ta yanke shawarar ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfani daga miliyar 1 zuwa miliyar 5 na sefa, mataki-mataki, don a rage masu karɓar kuɗi ba su da ƙarfin biya. Ka nemi a nuna maka shaidar izinin, ka duba ko ya shafi irin inshorar da za a ba ka ka sayar. Kai ma doka tana son ka sami horo da katin aiki. Wanda ya ce maka ka fara kawai, kati ya zo daga baya, ya riga ya nuna maka yadda yake ɗaukar doka.

Wani zai ce: tunda hukuma ta bincika ta ba da izini, mene ne nawa na ƙara bincike? Izini yana nuna kamfani ya cika sharuɗɗa ranar da aka ba shi. Ba ya nuna halinsa ranar biya. Da izini kaɗai ya isa, da ba a bai wa hukumar Libreville ikon ƙwace shi ba. Kamfani yana iya zama da jari mai kauri amma ya riƙe takardun mai hatsari wata da watanni, yau a ce babu takardar da jandarma suka rubuta a wurin hatsarin, gobe a ce ta likita ba ta cika ba. Wannan hali ba a ganinsa a biro, sai a tasha da gareji. Ka zauna da shugabannin direbobi, ka tambayi masu gyaran jikin mota wane kamfani ne ke biyansu ba ja-in-ja. Ka nemi mutum uku ko huɗu da suka taɓa yin hatsari, kada ka tsaya kan ɗaya, don mai fushi yakan ƙara gishiri, wani kuma shi ne bai sanar da kamfani cikin lokaci ba. Sannan ka tambayi kamfanin kansa: wa ke yanke hukunci kan biya, biron Tawa ko sai an aika Yamai? In akwai wanda ya taɓa yi musu wakilci ya bari, neme shi ka ji abin da ya fitar da shi.

Sai maganar kuɗin mutane, inda wakilai da yawa ke tuntuɓe. Tun 2011 doka ta ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, domin bashin da ya taru a hannun masu saye da 'yan tsakani yana cikin abin da ke hana kamfanoni biya. A Adar, yankin Tawa, wannan doka tana da nauyi, don gidaje da yawa suna jiran aiken 'yan bida daga Abijan ko Libiya, kuma za a ce maka: “Ba ni takardar, kuɗi na hanya.” Kamfanin kirki zai hana ka tun ranar farko. Zai ba ka yarjejeniya a rubuce da ke faɗin ko kana da ikon karɓar kuɗi, da ranar da za ka zuba su, da ranar da la'adarka za ta fito, da wanda zai ɗauki kuɗin man babur in ka tafi Afala ko Takanamat. In karatunka na Faransanci bai yi ƙarfi ba, ka sa wanda ka yarda da shi ya karanta maka kafin ka sa hannu.

Akwai mai cewa aiki ya yi wuya, mai nema ba ya zaɓe, kuma ai doka ta ɗora wa kamfani alhakin kuskuren wakilinsa. Gaskiya ne dokar ta faɗi haka, amma a gaban alƙali take aiki, ba ta hana a daina amsa sallamarka a unguwa. Wannan aiki kuma ribarsa a shekara ta biyu da ta uku take, lokacin da wanda ya saya bara ya dawo ya sabunta, ya kawo maƙwabcinsa. La'ada mai tsoka daga kamfanin da ba ya biya, sau ɗaya ake cin ta a kan kowane mutum, kuma mutanen gari ɗaya ba su da yawan da za a yi ta sauya su.

Za ka kuma haɗu da masu tambayar hukuncin inshora a addini, don malamai da yawa suna ganin akwai riba da rashin tabbas a cikinta. Kada ka mai da kanka mai fatawa. Abin da ya kamata ka sani shi ne a 2019 ƙungiyar CIMA ta fitar da ƙa'idar takaful, inda masu shiga ke tara kuɗi a asusun taimakon juna, kamfani kuma ya kula da shi a biya shi ladan aiki. Ka tambayi kamfanin ko yana da izinin yin irin wannan, da su wane ne malaman da ke duba masa. In ba shi da shi, ka faɗa wa mai saye haka kafin ya ciro kuɗinsa.