Yadda ake sayen mota ta hannu, a duba jikinta da tayoyinta, ba tare da an cuce ka ba

Da kaka ta yi, aka kai masara da waken suya kasuwar Getso, kuɗi suka shigo hannu, sai ka ji zancen mota ya tashi a majalisun Gwarzo da Kabo. Wani Golf yake nema ya sa a layin Kano, wani Sharon, wani kuma Corolla ce burinsa don kai iyali asibiti da gidan biki. Dillalai sun san wannan lokaci, kuma akasarinsu halal suke nema. Amma ɓata-gari ɗaya ya isa ya raba mutum da gumin damina guda. Ƙa'idar ɗaya ce: kada kuɗi su bar hannunka sai idonka ya gani, hannunka ya taɓa.

Mataki na 1: Ka tafi da shiri

Kada ka zuba duk abin da ke hannunka a farashin motar. Ware wani abu na tayoyi, juyen baƙin mai, canjin takardu da inshora. Ka ɗauki bakaniken da ka sani, kai ne kuma za ka biya shi kuɗin wuninsa, domin wanda dillali ya kawo ba zai ga aibin motar ba. Ku je da hantsi, rana ta fito sosai. Kada ka yarda a nuna maka mota da magariba, ko tana jiƙe da ruwan wanki, saboda ruwa yana ɓoye ƙwarzane da bambancin fenti.

Mataki na 2: Takardu kafin komai

Kowace mota tana da lambar casis mai haruffa da lambobi 17. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin kuma an buga ta a jikin ƙarfe a ƙarƙashin bonet. Ka karanta ta ɗaya bayan ɗaya, ka gwada da abin da ke takardar kwastam da lasisin mota da shaidar mallaka. Idan ka ga alamar goge ko walda ko sabon fenti a kewayenta, yi sallama ka tafi, domin wanda aka kama da motar sata shi zai fara amsa tambaya a caji ofis.

A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motoci 'yan Kwatano da yawa ta bayan fage suka shigo. Ka kai takardar ofishin kwastam a Kano a tabbatar maka an biya haraji. Inshora kuwa, tun Janairun 2023 kuɗin mafi ƙanƙantarta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Duk wanda ya ce zai yi maka ita a tsohon farashi, ta bogi zai ba ka. Danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar motar, ka ga ko inshorar tana cikin rajista.

Mataki na 3: Karanta jikin motar

Dillali zai ce maka: "Alhaji, wallahi fentin kamfani ne, ko ƙwarzane babu." Ka amsa masa da fara'a, sannan ka tsuguna a gefen fitilar gaba ka hango jikin motar har baya. Ƙarfen da bai taɓa buguwa ba yakan tafi sumul, wanda aka daka aka cike kuwa za ka ga haske yana lanƙwasa a kansa. Ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙofofi da gefuna da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki a jikin ƙarfe, an cika wurin da foti mai kauri.

Duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin bonet da gefe. Idan dama ta fi hagu faɗi, an taɓa kwance wurin. Ɗaga robar bakin ƙofa ka ga ko launin ciki ya bambanta da na waje. Buɗe but, ka cire safaya, ka duba ramin: tattarewar ƙarfe a nan shaidar bugu ce daga baya. Ka ɗaga kafet ka sunsuna. Warin ruma da tsatsa a ƙusoshin kujera suna nuna motar ta taɓa nutsewa a ambaliya, irin waɗanda ake kwasowa daga gwanjon Amurka, kuma matsalar wayarin ɗinsu ba ta ƙarewa.

Fenti a kan ƙofa ɗaya ba abin gudu ba ne, dalilin rage farashi ne. Abin gudu shi ne casis da ya lanƙwashe aka miƙar, domin irin wannan mota ba ta tafiya daidai, kuma cin taya take yi har abada.

Mataki na 4: Tayoyi, inda rai yake

Daga Gwarzo zuwa Kano ta Kabo da Rimin Gado, ko yamma zuwa Dayi da Malumfashi, direbobi suna taka mota sosai, ga kwalta mai zafi a bazara, ga kaya fiye da kima ranar kasuwa. A nan tsohuwar taya take fashewa. Saboda haka ka ba kowace taya lokacinta, har da safaya.

Fara da shekarunta. A gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ƙarshensa lambobi huɗu ne cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2322, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Idan lambobi uku ne kawai, kafin shekarar 2000 aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara huɗu da yin ta, ko da zanenta bai suɗe ba, domin roba tana bushewa. Ka shafa lambar da yatsa: idan wurin ya yi kaushi ko ya fi sauran jiki laushi, mai yiwuwa an kankare an sake bugawa.

Sai zane. A cikin ramukansa akwai 'yan tudu da kamfani ya sa a tsayin milimita 1.6. Idan zanen ya zo daidai da su, tayar ta gama aiki. Wasu suna ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su sake yanka mata zane da ƙarfe mai zafi, su shafe ta da baƙi ta yi sheƙi. Za ka gane ta da layukan da ba su miƙe ba, da rashin waɗannan 'yan tudu, wani lokacin ma har waya tana leƙowa.

Yadda taya ta cinye yana ba da labarin motar. Tsakiya ta suɗe, iska ta yi yawa. Gefe biyu sun suɗe, iska ta yi kaɗan. Gefe ɗaya kawai, ƙafar motar tana buƙatar alaimen. Cinyewa nan da can kuwa, shokozoba ce ta mutu. Kumburi ko tsagewa a gefen taya ba shi da magani, kuma faci a gefe ba ya riƙewa, komai ƙwarewar mai faci.

Idan za ka canza, ka bi girman da ke rubuce a ginshiƙin ƙofar direba. A rubutu irin 195/65 R15 91H, lambar 91 tana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 615. Inda aka rubuta ma'aunin jure zafi, nemi A, ita ta fi dacewa da yanayinmu. Tayoyin gwanjo da ake kira Beljiyam suna cikin kayan da dokar kwastam ta hana shigowa da su, kuma da yawansu an yar da su ne a Turai. Araha ba ta ado. Idan kuɗinka na sabbi biyu ne, sa su a baya, domin santsin baya ya fi wuyar riƙewa a kan hanya mai ruwa.

Mataki na 5: Tayar da ita, ka hau hanya

Taɓa injin ka tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, don wasu suna ɗumama shi ya ɓoye ƙara. Shuɗin hayaƙi a salansa yana nufin injin yana shan baƙin mai. Kumfa mai kama da madara a murfin baƙin mai tana iya nuna ruwa ya haɗu da mai. Da ka murɗa makulli, fitilun gargaɗi su kama duka sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, mai yiwuwa an cire mata ƙwai. Ku hau kwalta, ku kuma shiga hanyar burji, a ji birki da giya da ƙafa.

Mataki na 6: Biya a gaban shaidu

Kada ka tura kafin alƙalami kan hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp, musamman masu cewa gwanjon kwastam ne ake rabawa da araha. Wanda ya ce "Yallaɓai, wani ya taya, ka turo yanzu" so yake ka biya kafin ka yi tunani. Ka ga mai motar da kanka, sunan da ke katin shaidarsa ya yi daidai da na takardu. A rubuta takardar ciniki da lambar casis da farashi da la'adar dillali, shaidu biyu su sa hannu, ka biya ta banki cikin asusu mai sunansa. Daga nan ka wuce ofishin lasisin motoci a mayar da takardu sunanka. Idan kai ne mai sayarwa, kada ka miƙa makulli kan saƙon alat, sai ka ga kuɗin a cikin asusunka.

Mataki na 7: Gyaran jiki da kulawar kullum

Ja farcenka a kan ƙwarzane. Idan bai maƙale ba, man goge fenti zai ɗauke shi. Idan ƙarfe ya bayyana, a rufe shi kafin damina, tsatsa ba ta jira. Ku yi tsada da mai fenti ɓangare-ɓangare, ka ba shi rabi, ka je ka ga aikin bayan an daka kafin a fesa, don ka san ƙarfe aka miƙar ba foti aka lafta ba. A hunturu kada ka goge ƙura da busasshen tsumma, zuba ruwa tukuna, kuma ka bar garin sabulun wanki ga tufafi.

Ka sayi gejin iska naka. Auna tayoyi da safe kafin tafiya, aƙalla sau biyu a wata da kuma kafin doguwar hanya. Adadin da ke ginshiƙin ƙofa za ka gaya wa mai faci, wanda a ƙananan motoci yakan kama 30 zuwa 35, ba abin da ya ji da babban yatsansa ba. Iskar da ta yi kaɗan ita ke sa taya ta ɗau zafi ta fashe, ga ta da shan fetur. Ka riƙa sauya wa tayoyi wuri duk bayan kilomita 10,000, kuma duk ranar da ka faɗa babban rami, tsaya ka duba gefen tayar kafin ka ci gaba da ɗaukar mutane.