Idan wa'adin hukuma ya cika: abin yi da abin bari ga ɗan majalisa

A jihar Teksas ta Amurka, tun 1977 doka ta yanke wa hukumomin gwamnatin jiha ranar rufewa. Yawanci bayan shekara 12, idan majalisa ba ta zartar da ƙudirin sabunta hukuma ba, to ta rushe, sai a ba ta shekara guda ta tattara kayanta. Kolorado ce ta fara a 1976. A Teksas, kwamitin da ake kira Sunset ne ke binciken, mutum 12: sanatoci 5, 'yan majalisar wakilai 5, da mutum 2 daga cikin jama'a. Ranka ya daɗe ɗan majalisa, idan wannan aiki ya faɗo hannunka, ga abin da nake so ka kiyaye.

Ka fara da tambayar da ta fi kowace ɗaci: shin har yanzu ana bukatar wannan hukuma? Kada ka tsallake ta ka tafi kan ƙarin ma'aikata ko sabon gini. Idan wata ma'aikata na yin aiki iri ɗaya, ka faɗa a fili, a haɗe su.

Kada ka ɗauki rahoton da hukuma ta rubuta a kan kanta a matsayin hukunci. Doka ta ce ta rubuta, kuma yana da amfani, amma ba wanda zai kai ƙarar kansa. Ka sa ma'aikatan bincike su buɗe fayil ɗin koke-koke, su ga wata nawa takardar mai ƙorafi ke kwana a kan tebur, lasisi nawa aka ƙwace, tara nawa aka yanke kuma nawa aka karɓa. Hukumar da ke karɓar kuɗin lasisi duk shekara amma ba ta taɓa hukunta kowa ba, ka bincika ko wa take karewa, jama'a ko 'yan sana'ar.

Ka saurari wanda ba shi da lauya. A ranar sauraron jama'a, ƙungiyoyin sana'a da wakilan kamfanoni ne ke cika kujerun gaba da takardu a shirye. Matar da ta bar aikinta ta yi tafiyar awanni don ta faɗi yadda aka yi watsi da kokenta, kada ka bar ta sai zaure ya watse.

Babban gargaɗina shi ne wannan: kada ka yi garkuwa da ƙudirin sabuntawa. Kowa ya san dole ya wuce, shi ya sa kowa ke son rataya masa kayansa. A 2017 an tashi zaman majalisar Teksas ba tare da sabunta hukumar da ke ba likitoci lasisi ba. Mataimakin Gwamna Dan Patrick, wanda ke shugabantar majalisar dattawa, ya yi amfani da matsalar don tilasta a dawo kan wasu ƙudurori da yake so, ciki har da na harajin gidaje da na takaddamar wanda zai shiga banɗakin maza ko na mata. Sai da Gwamna Greg Abbott ya kira zama na musamman a watan Yuli. Ka duba abin da aka jefa cikin haɗari: jiha mai girman Teksas ta kusa rasa mai ba sabon likita izinin duba marar lafiya, a kan rigimar da ba ta shafi asibiti ba. Haka aka yi a 2009, lokacin da Gwamna Rick Perry ya dawo da majalisa don ceto ma'aikatar sufuri da ta inshora. Wannan cin amanar doka ne, ko da wace jam'iyya ta aikata.

Kada ka kai aikin ƙarshen zama. Majalisar Teksas na zaman yau da kullum sau ɗaya a shekara biyu, na kwana 140 kacal. Wanda ya jinkirta ya miƙa wuya ga masu ciniki.

Kada ka rushe hukuma ba ka tanadi mai ɗaukar aikinta ba. A 2019 kwamitin ya ba da shawarar a rufe hukumar masu aikin famfo, a mayar da aikinta ƙarƙashin ma'aikatar lasisi ta jiha. 'Yan majalisa suka kasa daidaitawa, suka tashi ba su sabunta ba, ba su kuma mayar da aikin ko'ina ba. Saura kaɗan kowa ya iya ɗaukar sufana ya shiga gidan mutane yana haɗa bututun ruwa da na iskar gas ba jarrabawa ba lasisi. Gwamna Abbott ne ya tsawaita ran hukumar zuwa 2021 da umarnin zartarwa, yana kafa hujja da gyaran ɓarnar guguwar Harvey. A Fabrairun 2021 sanyi mai tsanani ya farfasa bututai a gidaje a faɗin jihar, aka ga ranar masu famfo. Majalisa ta bar gwamna ya yi mata aikinta, kuma hakan abin kunya ne gare ta.

Kada ka ji tsoron mai ƙarfi ka huce a kan ƙarami. Hukumar da ke kula da man fetur da gas a Teksas ta sha bincike a 2011 da 2013 ba a zartar da ƙudirin gyaranta ba, sai 2017 aka sabunta ta, kuma har yau tana ɗauke da sunan hukumar jiragen ƙasa, aikin da ta daina tuntuni, duk da shawarar a canja shi. Ma'aunin da ka auna masu famfo da shi, da shi za ka auna masu rijiyoyin mai.

Kada kuma ka yarda a cire ranar rufewar daga doka da sunan sauƙaƙa aiki. Mu a Najeriya mun ga abin da ke faruwa idan babu wa'adi: rahoton Oronsaye kan rage hukumomin tarayya ya fito a 2012, sai a Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin aiwatar da shi.

Bayan ka zartar da gyara, ka koma ka duba a zama na gaba ko an aiwatar. Ka nemi takarda, ka kira shugaban hukumar ya amsa a bainar jama'a, kada ka jira wata shekara 12.