Kafin Ka Tafi Gudun Legas

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka sa sunanka a gudun fanfalaki na Legas, kuma wai tun da ka fara atisaye ba a ganinka a gidan kowa, tuwon dare ma ka daina ci. Labarin gudun ya faranta mini rai. Sauran ne ya sa na ce bari in ɗan ja kunnenka.

Ba ƙaramin abu ka ɗauko ba. Kilomita 42 da mita 195 ne, kuma mai shirinsa tsakani da Allah yakan ɗauki mako 16 zuwa 20. Tun 2016 ake yin na Legas, galibi a watan Fabrairu. Ka ga ke nan shirinka ya faɗa tsakiyar hunturu, daidai lokacin da amfanin gona ya shiga gida, kowa ya tashi aurar da 'ya'yansa. Da wuya Asabar ta wuce ba ka da ɗaurin aure, ga suna, ga ta'aziyya wadda ba ta ba da sanarwa. Idan ka ce sai ka yi watsi da wannan duka sannan za ka iya gudu, to za ka dawo da lambar yabo a wuya ka tarar 'yan'uwa sun ɗaure maka fuska. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar da ta iya kilomita 20 da asuba ba za ta gaza kai ka gidan gwaggonka ba.

A mako guda, gudu ɗaya ne ba a taɓa shi, wato dogon nan da ake ƙara masa tsawo sannu a hankali har ya kai wajen kilomita 30 ko 32. Shi da barcin daren da ke gabansa, su ka riƙe da ƙarfi. Sauran gajerun suna iya matsawa: na Talata ya koma Laraba, wani ma ya faɗi gaba ɗaya, jikinka ba zai manta abin da ya koya ba. In Asabar ta cika da hidima, mayar da dogon gudun zuwa Lahadi. Ko kuma ka fita bayan sallar asuba, kafin ƙarfe tara ka yi wanka ka sa babbar riga, ba wanda zai san inda ka je.

'Yan majalisarku fa, kada ka ɓace musu ba bayani. Ka gaya musu tun yanzu cewa daren Juma'a za ka riƙa tashi da wuri har zuwa Fabrairu. Za su yi maka tsiya, wani ya tambaye ka wa ya biyo ka, wani ya ce ko kuɗin acaɓa ne babu a taimaka maka. Ka yi dariya tare da su. Mutum yana haƙuri da wanda ya zo ya zauna rabin sa'a ya yi sallama, wanda ya ɗauke ƙafa shiru ne ake zargi da girman kai. Shayin ƙarfe goma na dare dai ka bar musu, don shi ke cinye barcin.

Maganar tuwo ita ta fi damuna. Jiki yana ajiye sukarin da ya samu daga hatsi da doya da dankali a cikin hanta da tsoka, kuma wannan ajiya ba ta da yawa. Yawancin masu gudu takan ƙare musu a wajen kilomita 30 zuwa 35, sai ka ga ƙato ya tsaya cak, ƙafa ta yi nauyi, kai yana juyawa. Wanda ya yanke tuwo da shinkafa don ya rage tumbi alhali yana shirin wannan gudu, tamkar direba ne da ya zubar da man motarsa don ta yi sauƙin hawa tudu. Eliud Kipchoge ɗan Kenya, wanda ya gama wannan nisa cikin sa'a 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana a 2019, abincinsu a sansanin Kaptagat ugali ne, wanda tuwon masara ne kawai, sai ganye da wake da shayi mai madara. Kuma ko shi, da gudun ne sana'arsa, ƙarshen mako yakan koma wajen iyalinsa.

Saboda haka kada ka sa matarka ɗora tukunya biyu. Abin da ake ci a gidan ya ishe ka: tuwo miyar kuka, dafa-duka, fate, kunun gyaɗa da safe, fura da nono bayan ka dawo daga dogon gudu, ƙwai ko kifi ko nama gwargwadon hali don tsoka ta farfaɗo. Ka kuma tuna ita ma tana cikin wannan shiri ko ba ta sa takalmi ba, tunda ita ake bari da yara duk safiyar da ka fita. Ranar hutunka ka ba su ita cikakkiya.

A gidan biki ka ci, kada ka zauna kana ture kwano kana ba mutane labarin abin da likitocin Turai suka ce. Daren da za ka wayi gari da dogon gudu ne kaɗai za ka yi hattara da yaji da maiƙo da wake, don cikin mutum ba ya jin kunya a tsakiyar titi. Tsiren ya jira gobe da yamma, ya ma fi daɗi a lokacin.

Sanyin hunturu yana ruɗi. Gumi yana bushewa tun kafin ka ji shi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba. Ka duba fitsarinka, in ya yi ja to ka ƙara sha. Legas kuma akasin haka ce, iska mai laima da zafi, riga tana ɗiga tun kilomita 5. Ka fara a hankali fiye da yadda ka saba a nan, ka riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, kada ka ɗirka fiye da ƙima, don yawansa ba gishiri ma yana kayar da mutum. Kuma kafin ka ƙara nisa, je a auna hawan jininka, ka san akwai shi a danginmu.

Mako biyu ko uku na ƙarshe ana rage gudu ne, ba a ƙarawa. A nan za ka samu sararin biyan bashin ziyarce-ziyarcen da suka taru. Kwana biyu kafin ranar ka ƙara shinkafa, ka rage mai. In ka sauka Legas za a ja ka cin abin da cikinka bai sani ba, ka ce sai bayan gudu. Dabinon da za ka sa a aljihu, ka fara gwada cinsa kana gudu tun a nan gida, haka ma takalmin, kada ka sa sabo ranar.