Ƙarancin Gidaje da Wahalar Samun Ma'aikata a Ƙasar Yauri

Ya kamata hakimai da malamansu su sani, wanda ya kafa injin casar shinkafa ko rumbun ƙanƙara a Yelwa ko Wara, abin da ya fi ba shi wuya shi ne samun gwani wanda zai yarda ya zauna. Lebura yakan kwana a zauren maigida ko a rumfar kasuwa. Amma makaniki mai iyali da aka ɗauko daga Kontagora ko Sakkwato, tambayarsa ta fari ita ce inda zai ajiye matarsa da 'ya'yansa.

Wannan al'amari ya daɗe a bakin ruwan nan. Sa'ad da aka soma ginin madatsar Kainji cikin shekara ta 1964, sai da kamfanin Impregilo na mutanen Italiya ya gina wa ma'aikatansa sansani, gama babu gari kusa wanda zai ɗauke su. Hakanan kuma ruwan tafkin ya tashi mutum wajen 44,000 a ƙasashen Yauri da Borgu, cikinsu har da Gungawa da Kambari. Da fari kuɗin diyya aka ba su don su yi gini da kansu. Da aka ga ginin ba ya sauri, ga shi kuwa za a tare ruwa cikin 1968, sai gwamnati ta sake shawara, ta gina musu gidajen bulo da rufin asbesto bisa ga tsarin wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson.

A nan akwai abin lura. An gina gidajen nan don maye gurbin waɗanda ruwa zai ci, watau don mutanen da aka ƙirga a lokacin. Gidan ƙasa kuwa, in ɗa ya yi aure ko baƙo ya zo, sai a kwaɓa ƙasa a ƙara ɗaki cikin rani guda. Ginin siminti ba ya ƙaruwa sai da kuɗi, shi ya sa waɗansu suka tsai da ɗakunan ƙasa kusa da na bulo. Bayan haka tafkin ya jawo masunta da fataken kifi da na albasa daga wurare masu nisa, kwanan baya kuma ga masu haƙar zinariya. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, ɗakunan haya ba su bi sawunta ba.

To, yaya wannan ke cutar mai sana'a? A misalta haya ta cinye sulusin albashin ma'aikaci, kuma mai gida ya ce sai an biya ta shekara gaba ɗaya. Tilas uban aikin ya ƙara albashi, ko ya ranta masa kuɗin daga jarinsa, ko kuwa ya yi gini da abin da ya tanada don sayen shinkafa da kaka. In bai yi ko ɗaya ba, ma'aikacin zai bar iyalinsa can garinsu, ya riƙa neman izinin tafiya, wata rana kuma ya tafi ba ya komowa. Sai inji ya tsaya ana jiran wani, manomi ya kai shinkafarsa wani gari, yaran da ke koyon aiki hannun gwanin su watse. Wannan hasara ta ƙarshe ita ce mafi girma a ganinmu, ko da yake ba ta shiga littafin kowa. Wanda ya sami ɗaki a ƙetaren ruwa kuwa, zuwansa aiki yana hannun mai jirgi da iska.

Wajen ba da fili, a tuna ruwan Kwara yana cika sau biyu: farin ruwa da damina, sa'an nan baƙin ruwa mai gangarowa daga Gini ta ƙasar Mali da hunturu. Filin da ya bushe da bazara yakan ruɗi baƙo. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun rushe gidaje da yawa a Jihar Kebbi, kowane gida da ya faɗi kuwa yana ƙara yawan masu neman haya.

Tun daga dokar ƙasa ta 1978, ba da takardar fili a ƙauye aikin ƙaramar hukuma ne, a birni kuma na Gwamna. Duk da haka shaidar hakimi da dagaci ake nema kan asalin fili, kuma gabansu ake fara kawo rigimar gādo, wadda takan bar kango a tsakiyar gari shekara da shekaru ba mai ginawa. Lalle ne a hanzarta sulhunta irin wannan, ko a tura ta gaban alƙali.

Malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta kangaye da ɗakunan haya na kowace unguwa, da sunan mai unguwar da ya ba da labarin, da iyakar inda ruwa ya kai bara. A riƙa sabunta shi bayan kowace damina, a aika da kwafe ga sakataren ƙaramar hukuma a Yelwa, ko Wara, ko Shanga.