SUNA A KAN ƘOFA
Darasi daga birnin Helsinki

Darasinmu na wannan wata a kan wani gida ne da ke Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan. Dā gidan yana da gadaje 250 domin marasa wurin kwana. Aka rufe shi, aka gyara, aka sāke buɗewa a shekara ta 2012. Da aka buɗe kuwa, sai ga ɗakunan zama 81 kaɗai. Wanda ya ji wannan farat ɗaya zai ce an yi ɓarna, gama an rage wa matalauta makwanci. Amma shugabannin birnin sun ce gyara suka yi. Bari mu bi labarin a hankali, mu ga inda gaskiya take.

1. Ƙasar da sanyinta

Finlan tana can arewacin Turai, tana iyaka da Rasha, da Suwidin, da Norwe. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 5 da rabi. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne, wanda mutum zai hura wuta da asuba, kafin hantsi ya tuɓe bargo. A can bakin teku ma yakan daskare, a watan Disamba kuwa da ƙyar hasken rana yakan wuce sa'a 6. Wanda dare ya same shi a waje a wannan lokaci, ransa yana cikin hatsari.

A ƙarshen shekara ta 1967 marasa gida da yawa suka mutu da sanyi a Helsinki. Hankalin jama'a ya tashi, sai aka buɗe wani tsohon sito na fenti, ɗaruruwan maza suka riƙa kwana a ciki. Mutanen gari suka laƙaba wa wurin suna Kogon Jemage. Haka taimakon wannan zamani yake, watau babban ɗaki, da gadaje a jere, da ɗumin da zai kai mutum safiya.

2. Gidan titin Alppikatu

Gidan da muke magana a kansa yana lamba 25 a titin Alppikatu. Na wata ƙungiyar Kirista ne da ake kira Rundunar Ceto, wadda William Booth ya kafa a Landan a 1865, ta kuwa shiga Finlan a 1889. Tun kafin yaƙin duniya na biyu suke karɓar maza marasa gida a wurin. Kada mu raina wannan aiki, gama ya tsirar da rayuka da yawa daga sanyi. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi.

Duk da haka, mu dubi zaman mutum a irin waɗannan masaukai. Yana kwana ɗaki ɗaya da waɗanda bai zaɓa ba. Ba shi da mabuɗi, ba shi da wurin da zai ajiye kayansa hankali kwance. Ɗansa ko ƙanwarsa ba su iya kawo masa ziyara su zauna su yi hira. An shirya wurin domin kwana kaɗan, amma waɗansu suka shekara da shekaru a ciki.

Wajen lafiya abin ya fi tsanani. Da yawa cikinsu mashaya ne, waɗansu suna da taɓin hankali, waɗansu kuma ciwo biyu ko uku ne a jikinsu. Likita ya ba mutum magani ya ce ya sha safe da yamma, ya huta. Ina zai ajiye maganin? Ina zai huta? Sai ciwon ya komo, a ɗauke shi a kai asibiti, a sallame shi, 'yan sanda su tsince shi a titi, ya kwana a wurinsu, ya koma masauki. Haka yake ta kewayawa, kowane zagaye kuwa da kuɗin da hukuma za ta biya. Ashe, zanen aro ba ya rufe katara.

3. Hanyar tsani

Dabarar da ake bi a lokacin ita ce wadda ake kira hanyar tsani. Akan ce wa mutum ya daina shan giya tukuna, sa'an nan ya shiga gidan jiyya, daga nan ya koma gidan da ake lura da shi. In ya yi kirki a dukan waɗannan, a ƙarshe a ba shi ɗaki nasa na kansa. In ya yi tuntuɓe sau ɗaya, ya koma gindin tsani.

Waɗansu sun hau har ƙarshe. Har wa yau, a 1985 aka kafa Gidauniyar Y, wadda manyan biranen ƙasar, da Ekklesiyar Lutheran, da ƙungiyar Red Cross, da waɗansu ƙungiyoyi suka haɗa kai suka kafa. Aikinta shi ne sayen ƙananan ɗakuna tana ba marasa gida haya da sauƙi. Da wannan da sauran ƙoƙari, yawan marasa gida ya sauka daga wajen 18,000 a 1987 zuwa wajen 8,000 a 2008. Amma mafi rauni, watau mashaya da masu taɓin hankali, suna nan a gindin tsani. An nemi mutum ya warke kafin ya sami wurin da zai kwanta ya warke.

4. Mutum huɗu da shawararsu

A 2007 ministan gidaje, Jan Vapaavuori, ya sa mutum huɗu su bincika al'amarin. Su ne Paavo Voutilainen, shugaban aikin jin daɗin jama'a na Helsinki. Eero Huovinen, bishop na Helsinki. Hannu Puttonen, shugaban Gidauniyar Y. Da Ilkka Taipale, likita. Suka rubuta rahoto, suka sa masa suna "Suna a Kan Ƙofa".

Gindin shawararsu ke nan: gida ba lada ba ne da za a ba mutum bayan ya shiryu. Gida harsashi ne, a kansa za a ɗora magani da sauran gyara. Saboda haka a fara ba mutum ɗaki, ba tare da an ce sai ya bar giya tukuna ba, sa'an nan a kawo taimako har bakin ƙofarsa. Wani masani mai suna Sam Tsemberis ya riga ya fara irin wannan aiki a birnin Niyok na Amurka tun 1992. Ana kiran dabarar "A Fara da Gida".

Gwamnati ta karɓi shawarar. A 2008 ta ƙulla yarjejeniya da birane 10, aka ɗauki alkawarin samar da mazauni 1,250 kafin ƙarshen 2011, aka kuwa wuce wannan adadi. Cikin shirin har da mai da tsofaffin masaukai su zama gidajen zama.

5. Yadda aka yi gyaran

Abu huɗu aka canza a irin gidan Alppikatu, ya kamata mu lura da kowannensu.

Na fari, gini. Aka rushe manyan ɗakunan kwana, aka fitar da ƙananan mazauni. Kowane yana da wurin kwana, da wurin dafa abinci, da wurin wanka da makewayi, da ƙofa mai kulle. Aka kuma bar ɗakunan da za a taru a ci abinci ko a yi hira.

Na biyu, matsayin mutumin. Dā shi baƙo ne da ake yi wa alfarma. Yanzu ya zama ɗan haya, da takardar yarjejeniya a hannunsa kamar kowane ɗan gari. Yana biyan haya daga abin da yake samu, ko daga taimakon haya da gwamnati ke bayarwa. Ba a korarsa don an ji warin giya a bakinsa, amma dokar haya tana kansa, dole ya biya, dole kuma kada ya cuci maƙwabta.

Na uku, ma'aikata. Akwai masu lura a gidan dare da rana, waɗanda aka koya wa aikin jiyya da na taimakon jama'a. Sukan tuna wa mutum lokacin shan magani, su raka shi wurin likita, su taimake shi cika takardun hukuma da sasanta bashi. Akwai kuma 'yan ayyukan hannu ga wanda yake so. Ba a tilasta wa kowa jiyya, amma a kullum tana kusa da shi.

Na huɗu, kuɗi da nawaya. A lokacin shirin gwamnatin ƙasa ta riƙa ba da taimako har rabin kuɗin gini. Hukumar birni ita ke zaɓen waɗanda za su shiga, ita ke biyan kuɗin aikin lura, ƙungiyar da ke da gidan kuwa ta ci gaba da gudanar da shi bisa yarjejeniya. Wani sashe na kuɗin da ƙungiyoyi suka sayi ɗakuna da shi ya fito daga ribar injinan caca waɗanda ke ƙarƙashin hukuma. Wannan kuwa mun bar wa mai karatu ya auna da kansa.

6. To, sauran mutanen fa?

Ga tambayar da muka fara da ita. In gidan da ke ɗaukar mutum 250 ya koma ɗakuna 81, ina sauran za su nufa? Da a ce an rufe masaukin an tsaya nan, da lalle an yi sakin reshe an kama ganye.

Lissafin birnin ya ba da amsa. A 1985 Helsinki tana da gadajen masauki 2,121, da mazauni masu ma'aikata 127, da ɗakunan haya na marasa gida 65. A 2016 gadajen masauki sun ragu zuwa 52, mazauni masu ma'aikata sun kai 1,309, ɗakunan haya kuwa 2,433. Watau abin da aka buɗe ya fi abin da aka rufe. Waɗanda ke iya riƙe kansu aka ba su ɗakuna a unguwanni dabam dabam, ma'aikaci yana leƙa su. Masu bukatar lura ta kullum su ne aka ajiye a gidaje irin na Alppikatu.

Ba a kuma manta da wanda dare ya rutsa da shi ba. A 2009 hukumar birni ta buɗe wata cibiya a titin Hietaniemenkatu. A nan mutum yakan sami makwancin gaggawa, da abinci, da wurin wanka, ya ga likita ko ma'aikacin jiyya, ya kuma gana da wanda zai fara nema masa ɗaki. A 2023 aka ɗauke aikin lafiya da jin daɗin jama'a daga hannun garuruwan ƙasar aka danƙa wa yankuna 21, amma aka bar wa Helsinki nata a hannunta.

7. Amfanin da aka samu, da wahalar da ta rage

Daga 2008 zuwa 2015, yawan waɗanda suka daɗe ba su da gida ya ragu da kashi 35 cikin 100. Wajen mutum 4 cikin 5 na waɗanda aka ba ɗaki sukan riƙe shi. Wani bincike da aka yi a kan wani gida a birnin Tampere ya nuna hukuma takan tsimi kusan Yuro 15,000 a shekara a kan mutum ɗaya, gama zuwa asibiti da gaggawa da kwana a hannun 'yan sanda sun ragu. A 2023 marasa gida masu zaman kaɗaici sun sauka zuwa wajen 3,400.

Amma kada mu ɓoye wahalar. A waɗansu unguwanni maƙwabta sun ƙi a kawo musu irin waɗannan gidaje, sai da ma'aikata suka yi ta zama da su, mazauna gidan kuma suka riƙa fita suna share titi, kafin zukata su kwanta. Waɗansu masana suna ganin tara masu matsala da yawa a gini ɗaya yana kawo rigima, sun fi so a warwatsa su cikin gari. Akwai kuma waɗanda suka sami ɗaki amma ba su bar giya ba har ƙarshen ransu. Sun dai mutu a kan gadonsu, da wanda ya san sunansu a kusa.

Ga kuma gargaɗi. A 2024 gwamnati ta rage taimakon haya, a wannan shekara kuwa yawan marasa gida ya hau zuwa wajen 3,800. Wannan ne hawa na fari bayan fiye da shekara 10 ana sauka.

8. Abin da za mu riƙe

Daga wannan labari mu riƙe abu uku. Na ɗaya, marar lafiya yana bukatar wurin zama tabbatacce kafin magani ya yi masa aiki sosai. Na biyu, ba a rufe tsohon wurin taimako sai an tanadi inda kowane mutum da ke cikinsa zai koma. Na uku, gyaran gini aikin shekara ɗaya ko biyu ne, amma albashin masu lura da taimakon haya nawaya ce ta kowace shekara. Wanda zai karɓi irin wannan gida, ko hukuma ko ƙungiya, sai ya zauna ya yi lissafin wannan tun da fari.

Tambayoyi domin bincike tare

1. Me ya sa hanyar tsani ta kāsa taimakon mafi rauni?
2. Ku faɗi abu huɗu da aka canza a gidan Alppikatu. Wanne ne kuke gani ya fi muhimmanci, don me?
3. Da a ce an rufe gadaje 250 ba a buɗe waɗansu ɗakuna ba, me zai sami mutanen da sanyi ya zo?
4. Mene ne bambancin wanda ake yi wa alfarmar kwana da wanda ke da takardar haya?
5. A garinku, in aka sallami marar lafiya wanda ba shi da kowa daga asibiti, ina yakan kwana a daren nan? Wa ya san sunansa?