Amanar Yara Tana Bukatar Tsari

Duk uban da ya kai ɗansa makaranta ko ƙungiyar wasanni, amana ya bayar. Galibi abin da iyaye ke dogara da shi shi ne sunan wurin da kyakkyawar shaidar masu kula da shi. Abin da aka gano a ƙasar Ostareliya ya nuna cewa wannan bai wadatar ba.

A shekarar 2013 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar bincike kan yadda cibiyoyi suka riƙa yi da ƙorafin lalata da yara. Hukumar ta saurari mutum kimanin 8,000 a keɓe, ta miƙa rahotonta a Disambar 2017, da jimillar shawarwari 409. Ta gano cewa wanda aka zalunta yakan kai kusan shekara 24 kafin ya buɗe baki. Ta kuma gano coci-coci da makarantu da gidajen renon yara waɗanda suka fifita mutuncinsu a kan lafiyar yaro: a ƙaryata shi, a ɗauke mai laifin a kai shi wani reshe, can ma ya ci gaba da ɓarna. Wannan ne ya sa a 2019 gwamnatocin ƙasar suka amince da ƙa'idoji 10, ciki har da tantance ma'aikaci kafin a ɗauke shi, da horar da shi a kai a kai.

Me horon yake koyarwa? Yana koya wa ma'aikaci ya lura da babban da ke ware yaro ɗaya da kyaututtuka, yana neman keɓewa da shi, yana tura masa saƙon waya a ɓoye. Yana koya masa abin yi idan yaro ya zo da magana: kada ya daka masa tsawa, kada ya yi masa alkawarin binne zancen, ya rubuta kalmomin yadda suka fito daga bakinsa, ya kai wa wanda aka ɗora wa alhakin.

Wani zai ce zato zunubi ne, don me za a zargi malamin kirki? Ai ƙa'idar ba ta nuna kowa da yatsa, ta hau kan kowa ne tun daga shugaba har maigadi. Malamin da ba ya keɓewa da yaro a ɗaki rufe ya tsare yaron, ya kuma tsare kansa daga ƙazafi. Wani kuma zai ce sai ƙasa mai arziki. To, nawa ake kashewa wajen barin ƙofa a buɗe, ko sa manya biyu su raka yara tafiya, ko ajiye littafin ƙorafi?

Saboda haka, kafin uba ya biya kuɗin rajista, ya tambayi shugaban wurin: wa ya tantance ma'aikatanku, yaushe aka horar da su, kuma wurin wa yaro zai kai kuka? Inda aka ji haushin waɗannan tambayoyi, bai kamata a bar yaro a can ba.